Bargo Mai Nauyi a Ɗakin Goggo: Nazarin Wani Rashin Barci a Jos

Matar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 57, mazauniyar cikin garin Jos ce, wajen Gangare, kuma sana'arta sayar da atamfa da leshi a cikin gida. Ƙanwar mahaifina ce, saboda haka Goggo zan riƙa kiranta. Nauyinta kilo 66, tsayinta santimita 158. Tana da hawan jini wanda ta daɗe tana shan magani a kai, ga gwiwar dama da ke motsa mata duk lokacin da sanyi ya shigo. Ba ta da asma, ba ta da ciwon suga, kuma duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da ita ya shaida ba ta minshari. Waɗannan ukun su ne suka sa tun farko ban hana a gwada bargon ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, gidanmu kuma ba nisa da nata, shi ya sa duk abin da ya shafi lafiyarta ni ake fara nema. Da saninta da yardarta na rubuta wannan.

Yadda darenta yake

Barcin ya fara lalacewa ne a lokacin jinyar mijinta. Watanni tana tashi cikin dare ta juya shi, ta ba shi ruwa, ta kasa kunne ta ji numfashinsa. Da Allah ya karɓi abinsa ta shiga takaba, kowa ya ɗauka in gida ya lafa barci zai dawo da kansa. Aka cika wata huɗu da kwana goma, aka ƙara wasu watannin a kai, shiru. Takan kwanta wajen ƙarfe goma, ta yi ta juyi har ɗaya na dare. Abin da take yawan faɗa shi ne, "Idona yana jin barci, jikin ne ya ƙi kwanciya. Kafaɗuna a tsaye suke, sai ka ce yanzu za a kira ni." In barcin ya samu ya ɗauke ta, ƙarfe uku fitsari ya tashe ta, daga nan kuma ido biyu har kiran assalatu. Da hantsi kai ya yi nauyi. Bayan azahar ta kwanta ta kwashe awa biyu, da la'asar sakaliya ta ɓantari goro don ta wartsake ta iya lissafi da matan da ke karɓar kaya bashi.

A ma'aunin likitoci, wanda ya kasa barci dare uku ko fiye a mako, abin ya kai wata uku, kuma yana shafar wuninsa, to rashin barcinsa ya zama mai daɗewa. Goggo ta wuce wannan ma'auni nesa. Kafin maganar ta iso kunnena har ta fara aiken yaro kemis yana sayo mata ƙwayar mura mai sa barci. Ƙwayar takan kwantar da ita, amma ta tashi da bushewar baki da jiri, wata rana ma sai da ta dafa bango a hanyar bayi. Ga mai shekarunta, ga ciwon gwiwa, jirin tsakar dare ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma wani abu da babu wanda ya lissafa shi cikin matsalar a lokacin: jikarta 'yar shekara huɗu a gadonta take kwana. Tun rasuwar aka kawo mata yarinyar don ta ɗebe mata kewa.

Kayan da ya iso daga Abuja

'Yarta ta fari, wadda take taubashiyata, tana aure a Kubwa. Ita ce ta ga tallan bargon a Instagram, ta saya, ta ba direba a tasha ya kawo Jos. Yaron da ya shigo da shi cikin gida sai da ya nemi a ƙara masa kuɗin dako.

Ga wanda bai taɓa gani ba, bargo mai nauyi ba kaurinsa ne ke ba shi nauyi ba. Ƙyalle biyu ne aka haɗa aka ɗinke gida-gida, kowane gida aka zuba masa ƙananan ƙwayoyin gilashi ko na roba, aka sa audugar roba kaɗan ta riƙe su. Ɗinkin gida-gidan shi ke hana ƙwayoyin gangarawa gefe guda. Na gilashi sun fi ƙanƙanta da nauyi, don haka bargonsu ya fi sirantaka kuma bai cika riƙe zafi ba; na roba sun fi girma, sukan yi ƙara in an motsa. Na Goggo na gilashi ne, ya zo cikin wata riga mai gashi-gashi da dogon zif. A jikin takardarsa an rubuta 25, amma da laba, ma'aunin Amurka. Laba ɗaya giram 454 ce, wato bargon ya haura kilo 11. Faɗinsa inci 60, tsawonsa inci 80.

Na kira taubashiyar tawa na ce, "Ke, uwar taki kika saya wa wannan ko ɗan dambe?" Ta ce ai gadon Goggo shida-da-shida ne, kuma tunda nauyin ne maganin, ta ga gara ta ɗauki mafi nauyi a huta. Wannan tunani nata shi ne na mafi yawan masu saye, kuma ta fuska biyu yake karkacewa: ana auna bargon da jikin mai rufa ne, ba da gado ba, sannan ƙarin nauyi ba ƙarin amfani ba ne.

Daren farko Goggo ba ta kai sha biyu da shi ba. Ta kasa juyawa sai da ta sa hannu biyu ta ɗaga. Gefen da ya zubo daga bakin gado ya yi ta jan sauran zuwa ƙasa, ya zare gidan sauro daga ƙarƙashin katifa. Yatsun ƙafarta suka danne, gwiwa ta amsa. Rigar mai gashi ta sa ta zufa duk da a watan Nuwamba ake. Da safe ta ce min, "'Yar nan, ɗauke min kayan nan. Amma fa ban ƙi ki ji ba, da farko-farkon da na ja shi, sai na ji kamar yaron da aka goya aka ɗaure da majanyi. Jikina ya yi lakwas." Wannan jumla ta ƙarshe ce ta sa ban mayar da shi Abuja ba.

Abin da aka sani game da shi

Tunanin da ke bayan bargon ya girmi tallansa. Masu kula da yara masu lalurar galahanga, wato autism, sun daɗe da lura cewa matsi mai ɗan ƙarfi, wanda ya bazu a jiki daidai, yakan kwantar da wasu. Temple Grandin, Ba'amurkiyar masaniyar halayyar dabbobi wadda ita kanta tana da lalurar, ta ƙera wa kanta na'urar matse jiki tun tana budurwa a shekarun 1960, bayan ta ga yadda shanu ke natsuwa idan aka matse su a maƙalin da ake yi musu allura. Bargon bai shiga kasuwar kowa da kowa ba sai wajen 2017, lokacin da wani kamfani mai suna Gravity ya tara sama da dala miliyan huɗu a Kickstarter, wani shafin intanet da ake tara kuɗin fara sana'a daga jama'a. Daga nan talla ta riga bincike gudu.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a Suwidin, masu bincike na cibiyar Karolinska suka wallafa a 2020. Mutum 120 ne, dukansu suna fama da rashin barci tare da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa mai tsanani ko yawan fargaba. Aka raba su biyu: wasu aka ba su bargo mai sarƙar ƙarfe a ciki, kilo 8, wanda ya ji ya yi masa yawa a sauya masa da mai kilo 6, wasu aka ba su mai sarƙar roba, kilo ɗaya da rabi kacal. Bayan mako huɗu, kusan kashi 59 cikin ɗari na masu bargo mai nauyi matsalarsu ta ragu da rabi ko fiye, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 5 da 'yan kai. Tazara ce babba. Sai dai ma'aunin tambayoyi ne da mutum ke amsawa da kansa, kuma ba yadda za a ɓoye wa mutum cewa bargonsa mai nauyi ne. Wanda ya sa rai, sa ransa ma yana shiga cikin amsa.

A Birtaniya kuma, a 2014, an gwada shi a kan yara 67 masu galahanga, aka ɗaura musu na'urar auna motsi a hannu. Na'urar ba ta nuna sun ƙara tsawon barci ko sun yi saurin yinsa ba, amma yaran da iyayensu sun fi son mai nauyin. Wani ƙaramin bincike na jami'ar Upsala a 2022, mai mutum 26, ya samu sinadarin melatonin, wanda ke shirya jiki ga barci, ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari a yawun waɗanda suka rufa da bargo mai kimanin kashi 12 cikin ɗari na nauyin jikinsu. Dare ɗaya ne kowane gwaji, kuma matasa ne masu lafiya.

Da na haɗa waɗannan, abin da na ɗauka shi ne: bargon ya fi yi wa mutumin da fargaba da tsayuwar jiki ke hana shi barci, irin Goggo ke nan, kuma abin da ya fi gyarawa shi ne yadda mutum ke jin darensa. Bai isa a ce masa magani ba. Amma in aka ajiye shi gefe guda, aka ajiye ƙwayar kemis gefe guda, na san wanda zan zaɓa wa mace mai shekara 57.

Lissafi da almakashi

Ƙa'idar da masu sayarwa ke bayarwa ita ce a ɗauki kashi goma cikin ɗari na nauyin jiki. Ƙa'idar yau da gobe ce, ba hukuncin da bincike ya yanke ba, amma wurin farawa ne mai kyau. Ga Goggo, kilo shida da rabi ke nan, abin da ya fi kusa a kasuwa shi ne mai laba 15, wato kilo 6.8, mai faɗin inci 48 da tsawon inci 72. Mai shagon intanet ɗin ya ce ba a mayar da kayan da aka kwana da shi, kuɗin kuma ba na zubarwa ba ne. Sai muka tsaya a kan a rage shi.

A nan akwai abin da ƙa'idar kashi goma ba ta faɗa. Na ƙirga gidajen bargon: 12 a faɗi, 16 a tsawo, gida 192, kowanne kusan giram 59. In ka yanke gefe ka rage jimillar nauyi, amma gidajen da suka rage a kan ƙirji da cinya nauyinsu na nan yadda yake. Wato yanka ba ya rage dannin da jiki ke ji. Abin da yake ragewa shi ne jan da gefuna ke yi da wahalar ture shi. Da na kwatanta, murabba'in mita ɗaya na bargon Goggo ya kai kilo 3.7, na mai laba 15 kuwa kilo 3 da ɗan ɗoriya. Bambancin bai kai a fasa ba, musamman tunda ƙorafinta kusan duka na ja ne da juyi, dannin kansa ta yaba. Da dannin ne ya dame ta, da yanka bai yi amfani ba, sai dai a farke gidajen ɗaya bayan ɗaya a rage ƙwayoyi, aikin da ba telan da zai karɓa da fara'a.

Muka kai wa wani dattijon tela da ke ɗinka mata labule da zannuwan gado. Ya juya bargon, ya murza gida ɗaya tsakanin yatsunsa, ya ce, "Hajiya, wannan in allura ta hau kansa karyewa za ta yi." Dabarar da ya yi ta burge ni. Ya rataya bargon a kafaɗar yaronsa yadda ƙwayoyin kowane gida za su zube ƙasa, su bar saman gidan fayau. Sai ya bi wannan fili da ɗinki na biyu, tazarar yatsa ɗaya daga ɗinkin asali, yana tafiya a hankali yana share ragowar ƙwayoyin da farcen babban yatsa kafin allura ta iso. Ya maimaita layin sau biyu, sannan ya sa almakashi tsakanin ɗinkin biyu, ya kalmashe bakin da ƙyallen atamfa. Duk da haka allura ɗaya ta tafi, kuma ƙasan shagon ya yi santsi da 'yan ƙwayoyin da suka tsere, sai da aka share da tsintsiya aka bi da jiƙaƙƙen tsumma.

Muka bar gida 8 a faɗi, 13 a tsawo. Mai sayar da dankalin turawa na bakin layi ya ɗora mana a sikelinsa: kilo shida da ɗan kai. Faɗin ya ɗan haura mita ɗaya, daidai ya rufe ta ba tare da ya kai bakin gado ba. Ragowar ta fita kashi biyu, wani dogo mai kusan kilo huɗu da wani ƙarami mai kusan kilo ɗaya da rabi.

Maganar jika

Wannan shi ne wurin da aka fi kai ruwa rana, kuma shi ne na fi so mai karatu ya tsaya a kai. Takardar da ke zuwa da irin wannan bargo an rubuta ta ne da tunanin mutum ɗaya a gado ɗaya, a ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Ɗakin tsohuwa a garinmu kuwa ba ya rabuwa da yara. Wata maƙwabciya da ta ga dogon yankin nan ta ce ai shi ke nan, a ba yarinya nata, ta ji an ce yana sa yara barci. Yarinyar kilo 15 gare ta. Yankin ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta, na Goggo kuma ya haura kashi ɗaya cikin uku.

Ban ɓoye musu ba. A Kwibek ta ƙasar Kanada, a 2008, wani yaro ɗan shekara tara mai galahanga ya rasu a makaranta bayan an naɗe shi cikin bargo mai nauyi. A Amurka, a Disambar 2022, hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta sanar da janye barguna masu nauyi na yara sama da dubu ɗari biyu da kantin Target ya sayar, bayan wasu yara mata biyu, 'yar shekara huɗu da 'yar shekara shida, sun zuge zif ɗin rigar bargon sun shige ciki numfashinsu ya ƙare. A shekarar ce kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a sa wa jarirai bargo ko rigar barci mai nauyi. Ƙa'idar ɗaya ce ga yaro da babba: wanda ba zai iya ture bargon da kansa ba, ko yana cikin magagi, bai kamata ya shiga ƙarƙashinsa ba.

Na ce, "Goggo, ko bargon ko yarinyar, ɗaya ne zai kwana a gadon nan." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai yarinyar ce ta riga shi zuwa." Na fahimce ta. Ba don barci kawai aka kawo yarinyar ba, kuma raba su gado bayan rashin da aka yi ba ƙaramin abu ba ne. Abin da aka daidaita a kai shi ne ƙaramar katifa a gefen gadon, da nata gidan sauron, inda Goggo za ta iya miƙa hannu ta taɓa ta. Yarinyar ta yi rigima daren farko da na biyu, aka lallashe ta da sabon zanen gado mai furanni. Idan ta farka ta hau gadon da asuba, lokacin Goggo ta riga ta tashi ta naɗe bargon. Da rana yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, saboda yara in suka ga abu mai nauyi da laushi, wasan ɓuya ne ke fara zuwa musu. Rigar mai zif kuwa ba ta sake shiga ɗakin ba. Maimakonta Goggo takan shimfiɗa tsohon zanen auduga a jikinta ta ɗora bargon a kai, zanen ake wankewa.

Yadda aka saba da shi

Sharaɗin farko shi ne a bar ƙwayar kemis. Mai shan abin da ke nauyaya barci ba ya rufa da abu mai nauyi. Ta fara da ƙaramin yankin nan, tana ɗora shi a cinya bayan magariba in ta zauna lazimi. Bayan 'yan kwanaki ta koma babban, daga ƙugu zuwa ƙasa, daga baya ta ja shi zuwa ƙasan ƙirji. Ba ya kai wuya, balle fuska, duk da cewa mutanen Jos sun saba lulluɓa har kai in hunturu ya kankama. Na sa ta kwanta ta ture shi da hannu ɗaya a gabana, ta ture. Don gwiwar, mun sa ƙaramin matashi a ƙarƙashinta, ƙafafun kuma a waje, cikin safa. Da haka yatsun suka huta, kuma tashi zuwa bayi ya zo da sauƙi.

Da gangan ban taɓa goro da barcin rana da lokacin shan magani ba a makonnin farko, don mu ga abin da bargon zai yi shi kaɗai. Autanta, ɗalibi, shi ya riƙe littafi: kowace safiya ya tambaye ta yaushe ta kwanta, yaushe take jin barci ya ɗauke ta, sau nawa ta farka. Ba ma'aunin asibiti ba ne, amma ya fi "da sauƙi, alhamdu lillahi" da za ta ce wa duk wanda ya tambaya.

Abin da littafin ya nuna

Cikin mako uku, barcin da ba ya zuwa sai ɗaya na dare ya dawo wajen sha ɗaya da rabi a yawancin darare. Juyin ya ragu, ta ce kafaɗun suna sauka. Farkawar ƙarfe uku kuwa ko gezau. Bargo ba ya hana mafitsara cika.

Sai muka shiga zango na biyu. A ranar asibitinta na raka ta, muka nuna wa likita magungunanta. Ashe ɗaya daga cikin na hawan jinin mai sa fitsari ne, ita kuma ta mayar da shansa dare saboda da safe takan manta. Likita ya ce a mayar da shi safe. Goro aka tsayar da shi daga azahar, domin sinadarin da ke cikinsa irin na kofi ne, kuma bayan awa biyar kusan rabinsa na nan a jini. Barcin rana aka rage shi zuwa rabin awa, aka sa autan ya riƙa tashinta, aikin da ya jawo masa faɗa ba kaɗan ba. Na kuma ce in ta farka barci ya ƙi komawa, kada ta zauna kokawa da shi a gado, ta sauko ta ɗauki carbi cikin haske kaɗan, sai ta ji ido ya yi nauyi ta koma. Waɗannan ɓangare ne na hanyar gyaran tunani da ɗabi'ar barci, wadda ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce tun 2016 ita ce ya kamata a fara da ita ga mai daɗaɗɗen rashin barci kafin a je ga ƙwaya. Bayan wannan ne farkawar ta matsa zuwa wajen huɗu da rabi, wadda ita Goggo ba ta ma ɗauke ta matsala ba, tunda lokacin nafilarta ne.

Akwai dararen da babu abin da ya yi aiki. Daren da aka zo rabon gado, da makon da ya cika shekara da rasuwa, littafin ya nuna ƙarfe biyu, ƙarfe uku. A irin waɗannan ranaku abin da ya fi bargo amfani shi ne ƙawarta ta ƙuruciya da ta zo ta kwana biyu suna hira.

Sanyi, zafi da wanki

Jos ta yi wa wannan bargo gata. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu dare yakan yi sanyin da mutanen Kano ma ke jinjina wa. A nan ne wani zai ce, to me ya raba shi da jibga-jibgan bargunan gwanjo na kasuwar Katako, in aka haɗa biyu ko uku? Ta fuskar nauyi za su iya kusantarsa, amma nauyinsu tare yake tafe da zafi, ba ka iya ɗaukar ɗaya ka bar ɗaya. Bargon gilashi kuwa sirit yake, har a tsakiyar hunturu sai Goggo ta ɗora masa bargon sanyi a sama. Wasu kuma sun kawo shawarar a ɗinka na gida a cika da shinkafa ko yashi. Shinkafa tana kiran ƙwari da ɓera, in ta ji ruwa ta ruɓe. Yashi yana bin ramin allura ya fita, ga ƙura.

A watan Maris ta je Kubwa ganin jikoki, ta matsa sai an tafi da bargon. In akwai wuta da fanka takan jure shi zuwa tsakar dare, da an ɗauke wuta ta ture. Zafin Abuja a bazara ba ya barin wannan kaya ya yi aiki sai a ɗaki mai sanyi, jiki kuma sai zafinsa ya ɗan sauka yake shiga barci. Ta ƙarasa ziyarar da ƙaramin yankin a kan cinya. Barcinta a can ya ja baya, amma bai koma irin na da ba, kuma zafi da baƙon ɗaki suna da nasu kason a ciki.

Wanki sau ɗaya aka yi, cikin rani, a babban baho, mutum biyu, da ruwan sanyi da sabulu kaɗan. In ya jiƙe nauyinsa ya wuce misali, kuma ba a matse shi da murɗawa don ɗinkin zai ɓalle. A kan tabarma aka shanya shi kwance ana juyawa, saboda igiya ɗaya za ta ja ƙwayoyin ta yaga gidajen. A Yuli da Agusta, lokacin da ruwan Jos ke wuni yana zuba, ba mai taɓa shi da ruwa. Zai yi kwanaki bai bushe ba ya ɗauki warin danshi.

Dogon yankin da ya rage yana nan a akwati. Mijin taubashiyata ya aiko a ba shi, wai shi ma yana tashi da gajiya kamar bai kwanta ba. Na tambayi matarsa yadda barcinsa yake, ta ce minsharinsa har falo, kuma wani lokaci numfashin yakan tsaya ɗif sai ya zabura ya ja iska. Ga ƙiba, ga barci a zaune da rana. Wannan alamun toshewar hanyar numfashi ce a cikin barci, kuma mai irinta yana cikin waɗanda ake hana ɗora nauyi a ƙirji, tare da masu asma mai tsanani da masu ciwon huhu. Na ce mata ya fara zuwa a duba shi a asibiti, in likita ya ga babu komai, direban da ya kawo bargon ya san gidan.